Shekara Biyu Ina Ce wa Likita "Da Sauƙi"

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai jarrabawa kuma Shi ne mai yayewa. Na daɗe ina juya wannan labari a raina, ban rubuta ba sai da 'yata ta yarda, tunda jikinta ne kuma sirrinta ne. Ummi muke ce mata a gida, saboda sunan mahaifiyar maigidana gare ta. Ina rubutawa ne don wata uwa da yanzu haka take da irin 'yata zaune a falo, tana kallonta tana cewa an warke.

A Woodbridge muke zaune, a Amurka. Abban Ummi injiniyan lantarki ne, kullum yana bin jirgin ƙasan safe zuwa Washington, ni kuma ina gida. Daga Katsina muka taho da Ummi tana shekara huɗu, don haka nan ta yi wayo. Yarinya ce mai baki. In ta fara Turanci sai ka ce an kunna rediyo, kuma na sha yi mata faɗa a kan kallon manya tsakiyar ido da mayar da magana.

Tana shekara ta uku a jami'a ciwon ya fara. Ta bugo mini waya tana raɗa, wai 'yan ɗakin da ke kusa da nata suna jin tunaninta ta bango. Muka je muka ɗauko ta. Ta lulluɓe madubin ɗakinta da zani, tana amsa wa mutanen da mu ba ma gani. Wani malami ya zo daga masallaci ya yi mata karatu kwana uku, kuma Allah ya saka masa da alheri, shi da bakinsa ya ce mu haɗa da asibiti. Ta kwana tara a can. Likita ta faɗi sunan ciwon, sikizofiriniya, na sa ta rubuta mini a bayan wata ambulan, na yi ta maimaitawa a mota har na iya.

Maganin ya yi aiki. Cikin wata biyu muryoyin suka tafi, aka yaye zanin daga madubi. Muka dafa shinkafa da kaji muka kai masallaci sadaka.

Daga nan sai shiru ya shigo gidanmu.

Ummi takan zauna a kujera ɗaya tun hantsi har la'asar, hannuwanta a kan cinya. Aka gaishe ta, ta amsa da kalma ɗaya, ido a ƙasa. Ba ta kuka, ba ta dariya, ba ta musu. Mata suna zuwa dubiya suna yabawa. Ba na manta wata babbar Hajiya da ta zo daga Mitchellville, ta kalle ta ta riƙe haɓa.

"Kai, Maman Ummi, ai wannan ciwo alheri ya zame muku. Dubi natsuwa, dubi kunya! Kamar ba a Amurka ta tashi ba. Don Allah ki ba ni sirrin, nawa 'yan biyun sun kusa kashe ni da surutu."

Aka yi dariya, har da ni. Kuma in faɗi gaskiya saboda Allah, na ji daɗin maganar. Abin da na yi shekaru ina nema a wurinta ke nan, ga shi ya zo. Ban san ciwon ne ya sake kama ba.

Duk wata uku muna zuwa ganin likitarta, wata dattijuwar baturiya. Minti goma sha biyar ake ba mu, bayan mun yi zaman awa guda a layi. Ummi ta sa hannu a takarda cewa in riƙa shiga tare da ita, don a nan in yaro ya kai shekarun girma ko uwarsa ba a gaya wa komai sai da izininsa. Likita takan tambaye ta yaya take ji, ta ce lafiya. Ta tambayi muryoyi, ta ce babu. Sai ta juyo gare ni, ni kuma in ce, "Da sauƙi sosai, mun gode Allah."

To me zan ce? Haka aka tashe mu. Ko mutum yana kwance ba ya iya ɗaga kai, aka ce ya jiki, da sauƙi ake cewa. Zayyana wahala a gaban baƙo kamar kai ƙarar Ubangiji ne. Don haka ban taɓa gaya mata cewa Ummi ba ta wanka sai na tsaya a kanta ba. Ban gaya mata abinci yana hucewa a gabanta ba, ko cewa kowace salla sai na kira ta na shimfiɗa mata dadduma, ko cewa ƙawayenta sun gaji da bugo wayar da ba a ɗauka. Kusan shekara biyu ina wannan amsar, likita tana bugawa a kwamfuta.

Wata ranar Oktoba na ɗora wake na fita sayo albasa, na ce da ita ta kula da tukunya. Na daɗe a layin biya. Tun daga bakin gareji nake jin ƙararrawar hayaƙi tana ihu. Na shiga, gida ya turnuƙe, tukunya ta yi baƙi ƙirin, Ummi tana nan a kujerarta, taku biyar daga murhu.

"Ummi! Ba ki ga hayaƙi ba?"

"Na gani."

"To me ya hana ki tashi?"

Ta daɗe kafin ta ce, "Ban sani ba, Mama."

A ranar Abbanta ya yanke shawara shi da mahaifiyarsa a waya. In Yuli ya yi zai kai ta Katsina, ta zauna wurin Hajiya, kakarta, inda gida cike yake da mutane kuma ba za a bar ta ita kaɗai ba. Hutu suka kira shi, amma tikitin tafiya kawai ya saya mata. Ni na san irin wannan zaman. Na san ɗakin da za a ba ta a can ƙurya, na san ranar da ƙwayoyinta za su ƙare a ce ana jiran mai tahowa daga Amurka, na san kowa zai kawo nasa jiƙon. Ba mugunta ba ce, so ne. Amma raina ya ba ni in ta tafi, ta tafi ke nan. Kuma ba ni da bakin da zan ja da miji da uwar miji a kan abin da ni kaina ban san sunansa ba.

Allah ya kawo mafita ta hanyar lalacewar mota. Ranar ganin likita motata ta ƙi tashi, sai na roƙi Anti Hadiza ta kai mu. Nas ce, 'yar Maraɗi, tana zaune a Springfield, ta girme ni, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Ummi ta yarda ta shiga tare da mu. Aka yi tambayoyin da aka saba, na ba da amsar da na saba. Muna fitowa wurin ajiye motoci ta sa Ummi ta shiga mota, ta rufe ƙofa, ta tare ni.

"Ƙanwata, mi kika ce ma lokotoro yanzu?"

"Na ce da sauƙi."

"Ina sauƙin? Nuna mini shi. Ɗiyar da gida ya kusa cin wuta tana kallo?"

"To Anti, ai ba a rasa godiya."

"Bon. Godiya ki kai ta kan dadduma, can ne wurinta. Waccan matar ba gaishe ki take ba, aiki take. Ke kin yi gaisuwa, ita ta rubuta an warke. Ni nas ce, na san abin da muke yi da wannan kalma. Rufe fayil muke."

Na tsaya kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ta ja hannuna muka koma ciki, aka ce lokacinmu ya wuce, sai bayan mako uku. Anti Hadiza ta ce ya yi daidai. Ta ce in sami littafi, kullum in rubuta abin da idona ya gani, ba abin da zuciyata take fata ba.

Ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. Litinin, kalma bakwai ta faɗa duk yini. Talata, ba ta canza kaya ba. Laraba, an aiko da hoton jaririn 'yar uwarta, ta kalla ta miƙo mini wayar. Ina rubutawa ina istigfari, ina ji kamar tona mata asiri nake.

Da na karanta wa likita, da guntun Turancina, sai ta daina buga kwamfuta ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Kusan shekara biyu."

Ta ba ni haƙuri, ta ce ya kamata ta tona fiye da haka. Na karɓa, don ni ma ina da wannan ƙorafin har yau: yarinya tana zaune a gabanki kamar gunki, ai ko ba a faɗa ba kya tambaya. Amma laifina ya fi yawa. Sannan ta yi mini bayanin da ya zauna a kaina. Ta ce ciwon nan hannu biyu gare shi. Ɗaya yana ƙaro wa mutum abin da babu, kamar muryoyi da tsoro. Ɗayan yana ɗauke abin da yake akwai: magana, sha'awa, motsin fuska, ƙarfin tashi a fara abu. Ta ce ƙwayoyi sun fi iya hannu na farko, na biyun yana da taurin kai. Ba lalaci ba ne, ba kuma tarbiyya ba ce.

Ta duba ko baƙin ciki ne ya danne Ummi, ta gyara yawan maganin, muka jira. Canjin bai taka kara ya karya ba. Sai ta ce akwai wani asibitin jami'a da ake gwada wata hanya, ta lantarki mai rauni da ake ratsawa ta fatar kai don a zaburar da gaban ƙwaƙwalwa. Ta aika da sunanmu a Disamba. Ba a kira mu ba sai Maris. Tsakanin nan na yi ta bugun waya ana sa mini kiɗa, wannan ofis ya tura ni wancan, Yuli kuma yana matsowa.

Da na gaya wa Abbanta, cokali ya ajiye.

"Lantarki? A kan 'yata? Ni da nake ganin abin da wuta take yi wa ƙarfe?"

Hajiya ma ta bugo daga Katsina. "Yanzu takwarar tawa za ku jona wa wuta kamar dutsen guga? Ku kawo mini abata."

Na ce da shi ba na neman komai sai ya je ya ji da kunnensa. Ya je, da tambayoyi cike da takarda. Wani matashin likita ya ɗauko na'urar ya ajiye masa a tebur, 'yar akwati ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba, batir ne a ciki. Abban Ummi ya juya ta, ya tambayi ƙarfin wutar, aka faɗa masa. Sai na ga kafaɗarsa ta sauka.

"Wannan ce? Ai ni na ɗauka irin ta fim ce."

Likitan ya ce waccan daban ce. A wannan ba a sa mutum barci, ba ya jijjiga, yana zaune idonsa biyu. Ti-di-si-es suke kiranta. Kuma bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce har yanzu bincike ake, wasu suna amfana, wasu ba sa ganin komai, kuma ko da wasa kada a daina ƙwayoyi. Sannan ya ce ba mu ne za mu yarda ba, Ummi ce. Ya yi mata bayani a hankali, ya tambaye ta, ya jira. Na buɗe baki zan amsa mata kamar yadda na saba, ya ɗaga mini hannu. Shirun ya yi tsawo har na fara jin kunya. Can ta ce, "Zan gwada."

A mota Abbanta ya ce ya amince, amma tikiti yana nan.

Ranar Lahadi kafin a fara, na ce 'yata ba za ta buɗe kai a gaban mutane da tsohon kitso ba. Na zaunar da ita na yi mata ƙananan shuku masu kyau, na bi kowane layi da man kitso har yana ƙyalli. Litinin muka yi asubanci, muka sha goslo a babbar hanyar 95, muka isa a kan lokaci. Na roƙi a ba mu mace, aka ba mu wata baƙar fata 'yar nan ƙasar, ita ma da kitsonta. Ummi tana zame ɗankwali matar ta dafe ƙirji.

"Mama, wa ya yi wannan? Ya yi kyau! Amma kin kashe ni. Wutar ba za ta ratsa wannan man ba."

Ashe an rubuta a takardun cewa a zo da kai wankakke ba mai, takardun kuma suna jakar Abbanta. A banɗakin asibiti na tsefe aikin awa uku, na wanke mata kai da sabulun wanke hannu, na sunkuyar da ita ƙarƙashin injin busar da hannu. Turawa suna shigowa suna fita suna satar kallonmu. Ni dariya, ni hawaye. Ummi kuwa ko gezau.

Aikin kansa ba shi da wani abin tsoro. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri, a ɗora ɗaya a saman goshi ta hagu, ɗaya a sama da kunne, a ɗaure da madauri, a kunna. Minti ashirin. Ta ce yana ɗan ƙaiƙayi, wurin kuma yakan yi ja na ɗan lokaci. Sau biyu a rana, da tazarar awa uku, kwana biyar a jere. Ina gefe ina jan carbi. A tazarar mukan ci abin da na ƙunso, mu yi azahar a wani ɗan ɗakin ibada da ke hawa na biyu. Da yake bincike ne ba a karɓi kuɗin aikin ba, mai da kuɗin fakin ne suka ci mu.

Juma'a aka gama. Na dawo da Ummi gida yadda na kai ta.

Mako na biyu, babu komai. Mako na uku, babu komai. An gaya mana in zai yi aiki a hankali yake zuwa, amma zuciya ba ta jin wannan. Sai na ga Abbanta ya sauko da babban akwati daga saman gareji ya jingine a bango. Na ci gaba da rubutu a littafina, ina kai kukana inda ake kaiwa.

A mako na huɗu, ranar Alhamis, muna cin tuwo ta ce, "Gishiri bai ji ba." Ba wanda ya tambaye ta. Na ɗanɗana, wallahi bai ji ba. Na tashi na shiga kicin kamar zan ɗauko gishirin, na yi sujada a kan tayil.

Bayan nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, ba a jere ba. Wata safiya na ji ruwa yana zuba a banɗaki ban aike ta ba. Sai kuma kwana uku ta koma kujerarta, har na ce ko idona ne ya yaudare ni. A mako na shida ta nemi cajar wayarta. A na bakwai Anti Hadiza ta zo tana ba da labarin wani majinyaci da ya ɓoye soyayyar kaza a ƙarƙashin filo, Ummi ta yi dariya, gajeriya, kamar tari. Anti ta tsaya cak.

"Ke, ɗiyar nan! Ashe kina da haƙora?"

"Anti, ke ce ba ki da labari mai daɗi a da," in ji Ummi, da Hausarta mai karkata.

Da muka koma asibitin jami'a a duba ta, suka yi mata tambayoyinsu suka ce su ma sun ga motsi. Na tambayi matashin likitan ko lantarkin ne. Ya ce yana zaton ya taimaka, amma ba zai rantse ba, tunda an gyara magani, kuma gida ma ya canza yadda yake bi da ita. Na yarda da shi. Dole kuma in faɗi wannan: akwai wata mata 'yar Habasha da muka riƙa zaman jira tare, ɗanta magidanci ne, an yi masa irin na Ummi, ta ce mini ba su ga komai ba. Ina sa su a addu'a. Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya sayo na'ura a intanet ya ɗaura wa ɗansa. A bi ta hannun likita.

Yau Ummi tana shan ƙwayoyinta, tana zuwa ajin koyon mu'amala da asibitin ya haɗa ta da shi, ta kuma ɗauki darasi biyu a kwalejin kusa da mu. Ba ta koma rediyon nan na da ba, akwai ranakun da jikin yake yin nauyi. In likita ta tambaye ni yanzu, nakan ce alhamdulillahi a zuciyata, sannan in buɗe littafi. 'Yan uwana mata, shirun da ya zo bayan irin wannan ciwo ku tuhume shi, ko da kowa yana yaba shi.

Na bar maganar tikiti ƙarshe. Wata Lahadi ce a watan Yuni, bayan azahar, muna tebur mu uku. Abbanta ya gyara murya ya ce saura mako uku tafiya, ya kamata a fara haɗa kaya, Hajiya har ta sa an yi wa ɗakin fenti. Na sunkuyar da kai. Na riga na yi duk roƙon da zan iya.

"Abba, ba za ni ba."

Ya ɗago. Tana kallonsa tsakiyar ido.

"Me kika ce?"

"Ba za ni ba. Likitata tana nan. Ina so in koma makaranta. Zan je in gaida Hajiya in an yi hutu, amma da tikitin dawowa, kuma ni zan riƙe shi."

Rabi da Hausa ta faɗa, rabi da Turanci. Tunda ta fara ciwo ba ta taɓa jera magana mai tsawon wannan ba. Abban Ummi mutum ne da ba a yi masa musu a gidansa. Na ga gemunsa yana motsi, na ce yau akwai faɗa.

"Sake faɗa," ya ce.

"Ba za ni ba, Abba."

Ya juyo gare ni, hawaye yana bin gemun. "Kin ji ta ko? Kin ji marar kunyar 'yarki tana musu da ubanta?"

"Na ji, Alhaji."

Ya ɗauki wayarsa a nan kan tebur, hannunsa da maiƙon miya, ya kira Katsina. "Hajiya, a bar fentin ya bushe. Takwararki ta ce ba ta zuwa. A'a, ba uwarta ba ce. Ita ta faɗa, da bakinta. Ga ta, ki ji da kunnenki."

Ya miƙa mata, ta karɓa.

Ya Allah, yadda ka buɗe bakin 'yata, ka buɗe na 'ya'yan bayinka da suke zaune shiru a gidajensu, ka kuma ba iyayensu ƙarfin faɗin abin da suka gani. Amin.